Tumunin Uwaliya

Gwarzo,
18 ga Oktoba, 2009.

Zuwa ga ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zinnira da jaririyarku Kamila. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya ruwan saman Malesiya da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah Ya ba da sa'a, Ya dawo mana da ku lafiya, amin.

Mu nan duk muna lafiya, sai godiya. Idon Baba na dama da aka yi wa aiki bara yana gani dishi-dishi, na hagun kuwa yanar ta rufe shi gaba ɗaya. Inna tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa duba awakinta ba. An yanke gero, ya yi kyau daidai gwargwado, dawa kuma tana tsaye tana jiran ruwa ɗaya. A makarantarmu ta Kabo kuwa ba a cewa komai. Albashi sai ya ga dama yake zuwa, kuma tun da aka shiga wannan tsuke bakin aljihu aka daina sayen man janareta. Darasin kwamfuta yanzu a allo ake yin sa, a zana wa yara madannai da alli a ce su danna. Ni da nake koyar da lissafi na gode wa Allah, darasina ba ya shan fetur.

To, ba gaisuwa kaɗai ta zaunar da ni ba. Sau huɗu ina kiran lambarka ba ta shiga, kuma ko da ta shiga, abin da ke bakina ya fi ƙarfin kati. Magana ce a kan furogiram ɗin rabon gado da ka rubuta wa Baba hutun da ka zo shekara biyu da suka wuce. Ka tuna yadda aka yi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mutane suka daina yarda a raba musu gado da ka, kowa so yake a rubuta masa a takarda, zauren Baba ya cika, ga ido yana raguwa. Ka zauna kwana goma, Baba yana faɗa maka ƙa'idoji kana juya su cikin yaren kwamfutar nan naku mai sunan mesa, Python. Da za ka tafi ka damƙa mini tsohuwar kwamfutarka, ka ce ni ce mai dannawa, in karanta wa Baba abin da ya fito, in ya gamsu ya buga hatiminsa. Har cewa ka yi yaren nan ba na kowa ba ne, na kowa ne, mutanen kirki a duk duniya suke haɗuwa suna gina shi kyauta, wanda ya so ya buɗe cikinsa ya duba. Na riƙe maganar nan, kuma yanzu ina da abin faɗa a kan mutanen kirkin naka.

Bayan ƙaramar salla ƙwayar cuta ta shiga kwamfutar ta hanyar filashin wata malama. Maigidana Salisu ya kai ta Kano aka goge komai. Allah Ya taimake ni furogiram ɗinka yana kan faifai, amma shi yaren da ke karanta shi ya tafi. Na shiga mota na tafi Kano, na zauna a kafe, shagon intanet, awa biyu da rabi ina kallon layi yana rarrafe kamar hawainiya, har na sauko da shi. Da ma na ga yaren iri biyu ne, akwai na biyu, akwai na uku. Kai ma ka san duk mai hankali na uku zai ɗauka, wa zai bar sabo ya ɗauki tsoho? Na dawo gida na sa faifai na danna, sai jan rubutu ya cika mini fuska.

Ashe mutanen kirkin naka sun tashi ne sun sake wa yaren fasali, har abin da aka rubuta da na biyu bai karantuwa da na uku. Ka taɓa jin an yi haka? A ce ka kwana da Hausa ka wayi gari an ce daga yau duk wanda bai sa hula ba kafin ya ce sannu, ba a ji gaisuwarsa ba. Kalmar nan ta print da ka cika furogiram da ita, yanzu sai an sa mata baka biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, in ba haka ba ba ta motsi. Wuri tamanin da huɗu ka sa ta, Uwaisu. Na ƙirga, don ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da ke tambayar mutum ya shigar da lamba ma sun sake mata suna. Fayil ɗin sunayen magada kuma ya ƙi buɗewa, wai haruffanmu masu lanƙwasa ba a adana su yadda yake so ba, sai da na sake buga sunayen duka. Wuta ba ta zuwa, don haka da ƙaramin janaretan Salisu na yi aikin nan, kwana biyar, shi yana tsaye yana kallon galan yana kallona. Inna ta leƙo ta tambaya ko wani ne ya mutu da nake ta tsaki haka. Abu ɗaya zan yaba musu, ba don raina ya so ba: yanzu in na buga Ɗanladi, Ɗanladi yake fitowa, ba alamar tambaya a gaban anladi ba.

Da jan rubutu ya ƙare, sai na ce bari in gwada shi. Na ɗauko littafin da nake rubuta duk rabon da muka yi, guda goma sha biyu, na fara shigar da su don in ga ko zai ba ni amsar da tsohon ya ba ni. Na farko daidai, sai 'yan kwabbai da suka ƙaru bayan ɗigo. Na biyu haka, na uku haka. Da na zo na bakwai sai na tsaya. Rabon gidan marigayi Alhaji Jalo ne na Gude, wanda ya bar shanu ashirin da uku, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. A littafina an rubuta matar ta sami biyu, kowane namiji shida, 'yar uku. Sabon kuwa cewa ya yi matar tana da saniya biyu da ɗigo takwas bakwai biyar. Na ce shi ke nan, bayan baka biyu kuma yanzu yanka shanu suka koma. Har na fara rubuta maka saƙon faɗa a waya. Sai wata zuciya ta ce in ɗauki fensir. Ashirin da uku a raba takwas. Uwaisu, ɗan aji huɗu na firamare zai gaya maka saura kaɗan ta cika uku. Sabon ne mai gaskiya. Tsohon ne ya yi mana ƙarya, mu kuma muka buga mata hatimi.

Na koma kan takardun bayanin sauye-sauyen da na bugo a kafe, na bi su da ƙamus a gefe, har na gano wurin. Wai shi tsohon, in ka ba shi cikakkiyar lamba ya raba da cikakkiyar lamba, sai ya ba ka cikakkiyar lamba, ya watsar da ragowar bai ce maka uffan ba. Sabon ne yake fito da ragowar, wanda kuma yake son tsohon hali sai ya sa sandar rabawa biyu maimakon ɗaya. Har sun rubuta cewa sun yi shekaru suna gargaɗi a kan haka. Shekaru! Kai kana ina lokacin da ake gargaɗin? Na san abin da ya faru: da naira ka gwada shi, dubu ɗari kaza, abin da ake watsarwa bai kai naira ɗaya ba, ba wanda zai lura. Ba ka yi tunanin akwai mutanen da ba za su yarda a yi wa shanun ubansu kuɗi ba, sai dai a raba da kai, su daidaita manya da ƙanana a tsakaninsu.

Amma kada ka ce na ɗora maka duka. Rabon nan an yi shi ne a makon da Baba yake kwance a Kano da bandeji a ido. Datti, babban ɗan marigayin, ya zo yana sauri, wai suna so su kora shanu kudu kafin ciyawa ta bushe. Na ce ya jira Baba, ya ce ai injin ne yake yi ba Malam ba. Ni kuma na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye maka ba. Na danna, na haɗa biyu da sha takwas da uku, na ga ashirin da uku cif, na ɗauko hatimin Baba na buga. Ni, malamar lissafi, shekara goma sha ɗaya ina dukan tebur ina ce wa yara kada su manta da ragowa.

Kwana biyu ina juya yadda zan gaya wa Baba. Ranar Alhamis bayan la'asar na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na fara kewaye-kewaye. Ya ce in bar wannan, in faɗa masa magada kawai. Ina cewa mata ɗaya, maza uku, mace ɗaya, ya tare ni ya ce asalin rabon takwas ne, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'yar ma kashi ɗaya, dole rabonsu ya zo daidai. Sai ya tambaya nawa aka ba kowaccensu. Na ce biyu da uku. Ya tambaya hatimin wa ke kan takardar. Na faɗa. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya yi ta jan carbi har aka kusa kiran magariba, sannan ya ce a gaya wa Salisu ya nemo mota, jibi za mu Gude. Na ce ko a aika da takarda, tunda ba ya gani sosai ga hanyar ba kyau. Ya ce hakkin da ya fita ta ƙofarsa da ƙafarsa zai bi shi.

Ranar Asabar muka tafi a akori-kurar abokin Salisu, Baba a gaba, ni a baya da kwamfutar a cinya, don na ce sai na nuna musu da idonsu. Wannan ma wauta ce, batirin ya mutu tun kafin mu bar kwalta. Datti ya karɓe mu da girmamawa, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura da nono, aka yi gaisuwa har ta ishi kowa. Ƙannensa biyu ba sa nan, ɗaya yana kudu da shanu, ɗaya ya sayar da nasa ya yi aure ya koma Kano. Ƙanwarsu Bilki tana aure a nan kusa, aka kira ta. Ita kuma matar marigayin, Uwaliya, ba ita ta haife su ba, uwarsu ta daɗe da rasuwa kafin a auro ta. Tana gama takaba ta koma gidan yayanta da shanunta biyu. Aka aika mata, ta zo a ƙafa, tsohuwa siririya mai ɗan rusunawa, ta zauna can gefen tabarma.

Baba ya yi bayani bai ɓoye komai ba, kuma bai ambaci sunana ko naka ba, cewa ya yi kuskuren daga gidansa ne. Ya ce kowane namiji ya riƙe rubu'in saniya da ba nasa ba, Bilki kuma rabin haka, in an haɗa saura kaɗan saniya guda, kuma duk na Uwaliya ne. Nan fa Datti ya tashi. Ya ce shi bai gane ba, bara inji ya ce biyu, bana inji ya ce kusan uku, to baɗi in an sake fito da sabo ya ce biyar fa, sai su sake kwance shanu? Ya ce shi bai saci komai ba, takarda ya bi, ga ta nan ma a aljihunsa da hatimin Malam. Ya ce ɗaya daga cikin nasa ta mutu da damina, wa zai biya shi rubu'in wannan? Ya juyo gare ni ya ce Malama, ke da kika ce abin ba ya kuskure. Ban taɓa cewa haka ba, amma ban musa ba, don ranar ma ban ce yana yi ba. Gaskiya, Uwaisu, ban ga laifinsa ba. Ni ma irin tambayar da na yi kwana biyar ina yi wa mutanen kirkin naka ke nan.

Daga nan Baba ya juya wajen da yake jin numfashin Uwaliya ya nemi ta yafe. Ta ce ba komai Malam, ai ta sani. Baba ya ce ta san me? Ta ce tun ranar da aka karanta takardar ta san tumunin ashirin da uku ba biyu ba ne. Shekara arba'in tana raba nono da ludayi a kasuwar Gude, ta san in ka jera abu ashirin da huɗu gida takwas uku-uku ne, to ashirin da uku ba zai faɗo har biyu ba. Baba ya ce me ya hana ta magana? Ta ce ita wa, da za ta ja da takardar da ta fito daga gidan Malam, aka kuma ce na'ura ce ta Turawa ta yi? Cewa za a yi tsohuwa ta zo cin dukiyar marayu. Sai ta bar wa Allah.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kalli Baba na ga hawaye yana fita daga idon da ba ya gani. Bilki ce ta fara magana. Ta ce ita dai ba za ta sha nonon saniyar da ke da hakkin matar ubanta a ciki ba, matar da ta yi mata wankan jego har sau biyu. In yayyenta ba za su bayar ba, a ɗauki ɗaya cikin nata ukun. Datti ya daka mata tsawa ya ce ba a gabansa ƙanwarsa za ta biya wa maza ba. Ya shige bayan gida yana faɗa shi kaɗai, muna jin sa, har muka zaci ya tafi ke nan. Can sai ga shi ya jawo wata jar karsana da igiya, ya ɗaure ta a jikin tsamiyar, ya ce ga ta nan, shi zai ji da 'yan'uwansa. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi amma kowa ya ji, daga yau in an yi mutuwa a zuriyarsu ba za su sake kawo rabo Gwarzo ba.

Ka zaci an gama? Uwaliya ta tashi ta zagaya karsanar, ta duba haƙoranta, sannan ta ce ba za ta karɓa haka ba. Ai Malam cewa ya yi saura kaɗan saniya, ba saniya ba, wannan kuwa cikakkiya ce, akwai tumunin saniya a ciki da ba nata ba. Ita da aka ci nata ta san zafinsa, ba za ta ci na wasu ba. Datti ya ce ya yafe, ta ce ya yafe nasa, na ƙannensa da ba sa nan fa? Aka yi ta ja har azahar, a ƙarshe aka tsaya a kan za ta aiko musu da tunkiya ɗaya. Baba ya sa na rubuta sabuwar takarda da hannuna, ya sa na karanta sau biyu da ƙarfi, ya tambayi Uwaliya ko lissafin ya yi mata, sai da ta ce ya yi sannan ya buga hatimi.

Da muka dawo na bi sauran rabon biyar. Huɗu na kuɗi ne, ba abin da ya ɓata. Na ƙarshen buhunan dawa ne a Lakwaya, an tauye wa wata tsohuwa rabin buhu daga gadon ɗanta. Salisu ya je ya tambaya, aka ce ta rasu da azumi. Baba ya ce za a auna daga rumbunsa a kai wa magadanta, amma tun ranar bai cika cin abinci ba, kuma na san abin da ke damunsa, ita ba za a iya neman yafewarta ba. Ya karɓe hatimin daga hannuna, yana aljihun rigarsa. Kwamfutar kuma ya ce a rufe ta a akwati. Yanzu kullum bayan la'asar ina durƙushe a gabansa da allo yana biya mini babin gado tun daga farko, ni da 'ya'yana huɗu. In aka kawo rabo, shi ya yi da ka, ni in yi da fensir, sai amsarmu ta haɗu. Zauren ya ragu, don labari ya zaga. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, amma mutane ba haka suke gani ba.

Ga abin da nake so daga gare ka. Ka zauna ka bi furogiram ɗin nan layi-layi da sabon yaren, ka gwada shi da shanu da buhuna da kadada, ba naira kaɗai ba, ka sa ya riƙa faɗin ragowa da Hausa yadda mutum zai gane, ba ɗigo takwas bakwai biyar ba. Ko Baba zai sake yarda da shi ban sani ba. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, kada ka jira shi ya neme ka, ba zai nema ba. In kuma kana da hanyar magana da mutanen kirkin nan, ka gaya musu wata malama a Gwarzo ta gode da suka gyara rabawa, amma ba ta yafe baka tamanin da huɗu ba.

Sannan akwai saƙo. Da za mu shiga mota Uwaliya ta riƙo mayafina ta tambaya wane ne ya koya wa na'urar lissafi. Na ce ƙanena ne, yana karatu a ƙasar waje. Ta jinjina kai ta ce Allah Ya yi masa albarka, yaro ne, in ya dawo a turo mata shi ya yi mako ɗaya yana riƙe mata ludayi. Na ce mata za ka zo. Na riga na yi alkawari da bakinka, sai ka san yadda za ka yi.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Kamila, kuma a turo hoton da ba a rufe mata fuska da hula ba. Salisu yana gaisuwa, haka Gwaggo Sabuwa da Kawu Badamasi da su Zayyad. Ka gaishe mini da Zinnira da kyau, ka ce ina yi mata sannu da reno. Allah Ya tsare ku, Ya sa a gama lafiya, Ya raba mu da hakkin mutane.

In za ka ba ni amsa, kada ka fara da "ai da ma".

Taka yayarka,
Zulaiha